A Ara Mini Gwaggo

Kopenhagen, 6 ga Fabrairu, 1989

Zuwa ga ɗan'uwana Si Mekki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Lalla Rahma da yara. Yaya Tanja? Iskar gabas tana nan tana kwashe wa mata shanya? Na san da ka ga rubutuna a bayan ambulan ka ce, "Yau kuma da wacce aka zo?" Kana da gaskiya. Shekara shida ban rubuto ba, yau ɗin ma buƙata ce ta kawo ni.

Batul, 'yar malaminmu Ba Allal, ta rubuto mini daga Rabat cewa za ta haɗa taron kiɗa bayan ƙaramar salla, na cikar shekara goma da rasuwarsa, a tsohuwar silimar nan ta bakin kasuwa inda ya fara aiki. Ta ce in zo in kaɗa. Na amsa tun kafin in kai ƙarshen wasiƙar. Damuwar ita ce wadda ka sani: bas, ƙaton gogen nan namu da ake kaɗawa a tsaye, ba ta son jirgin sama. Tawa ta fi ni tsawo, kuma sau ɗaya da na yarda aka jefa ta cikin kaya, da karyayyen wuya na karɓe ta. Tun daga nan duk garin da na sauka aro nake yi wurin mai bas na garin, kamar yadda duk 'yan kiɗan jaz suke yi. Na kaɗa masu daɗi, na kaɗa waɗanda gara a zuba tufafi a cikinsu. A Tanja kuwa bas ɗaya ce, wadda Ba Allal ya bar maka, wadda muke kira Gwaggo. Ka ara mini Gwaggo, Mekki, na yini ɗaya.

Kwanan nan ina yawan tuna ɗakinsa na unguwar Marshan. Ka tuna kofin shayi? Ya ajiye shi a kan taga da cokali a ciki, ya ce mu yi ta jan tsirkiya ɗaya, sauti ɗaya, har sai cokalin ya yi ƙara da kansa. Kai ka yi a kwana goma sha ɗaya. Ni na yi wata uku ina ja, har ya gaji ya ce in wuce gaba. Yanzu na tsara kiɗa ya fi sittin, kuma na lura duk abu guda nake nema a cikinsu: sauti ɗaya da zai isa shi kaɗai. Mai bas ba a kallonsa, amma a kansa kowa yake tsaye, shi ya sa nake ganin sana'armu ta fi kowace koya wa mutum zaman duniya.

Ina jiran amsarka. Ka gaida gida.

Ɗan'uwanka,
Tayeb

*

Tanja, 20 ga Fabrairu, 1989

Ƙanwata Lalla Batul,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida maigidanki da 'yan makarantar da kike koyarwa. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa.

To, babban mutum ya tuna da mu. Wasiƙa shafi biyu, takarda mai kauri, har da wa'azi a ƙarshe. Wai mai bas ba a kallonsa! Shi ne ba a kallo? Watan jiya wani baƙo ya manta mujalla a otal ɗin da nake aiki, na buɗe, sai ga Si Tayeb a shafi guda cur, ya rungume bas, ya rufe ido kamar mai ciwon haƙori. Aka fassara mini hirar. Wai shiru ma kiɗa ne. Wai shi ba ya tsara kiɗa, kiɗa ne ke zuwa ya same shi. Madalla. Ni ma da yake zuwa ya same ni, da na huta.

In shiru ake nema, a zo a tambaye ni. Shekara ashirin da biyu ina tsaye a lungun ɗakin cin abinci, bayan tukunyar fure, ina kaɗa wa Turawa suna ɓare kifi. Da zarar mai piyano ya ɗaga hannu ya bar mini fili ni kaɗai, a lokacin ne kowa yake tuna yana son ƙarin burodi. Wannan shi ne ba a kallon mutum, ba wanda ake faɗa wa ɗan jarida ba.

Kin san abin da ya fi ƙona mini rai? An tambaye shi wa ya koya masa, ya ce, "wani tsoho a Tanja." Wani tsoho! Ba suna. Ni kuwa ko a matsayin wani ban fito ba. Wa ya riƙa goya Gwaggo a baya yana hawa matakalar unguwar Kasba da ita? Wa ya riƙa juya mahaifinki a gado shekarar da ya kwanta, lokacin da wancan yake aiko kati mai hoton dusar ƙanƙara? Yanzu kuma na ga takardar tallan taronki a bangon silima: sunansa ya kai tsawon hannuna. Na duba sama, na duba ƙasa, ban ga nawa ba. A ina kika sa ni, Batul? A masu ɗauko kaya?

Ba zan ɓoye miki ba, kishi nake, kuma ya daɗe. Faifansa bakwai duk ina da su, a ƙarƙashin gado. Ina sa su in Rahma ta tafi kasuwa, in zauna ina neman kuskure. Cikin shekara goma sha biyar na sami biyu. Rannan ta dawo ta kama ni, ta ce, "Kai dai Allah ya shirye ka. Mutumin da ba ka so, ka haddace shi kamar karatun allo?" Na ce mata bincike nake. Ta ce, "To malam mai bincike, albasa ta ƙare."

Zancen Gwaggo, ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ya jira. Ni ma na iya shirun.

Yayanki,
Mekki

*

Kopenhagen, 14 ga Maris, 1989

Ƙanwata Batul,

Assalamu alaikum. Na gode da wasiƙarki, na kuma ji cewa Mekki bai yanke shawara ba. Ban yi mamaki ba. Akwai abin da zan gaya miki, amma sai kin ɗauka amana ce, ko maigidanki kada ya ji.

Hannuna na hagu yana mutuwa. Shi ne mai danna tsirkiya, kin sani. Ya fara da ƙaramin yatsa shekara biyu da suka wuce, yanzu na kusa da shi ma ba ya jin zafi ba ya jin sanyi, kuma jijiyar da ke jan su ta yi laushi. Likita ya ce in na lallaɓa, ina kaɗa abin da tsirkiyarsa take kwance dab da itace, ba sai na matsa da ƙarfi ba, zan iya ƙara shekara ɗaya, wataƙila biyu. In na matsa mata, jijiyar za ta iya tsinkewa a rana ɗaya. Tawa bas ɗin an sauke mini ita har yaro zai iya dannawa, na'ura ce take ƙara mata amo. Abokan kiɗana ba su sani ba. Suna cewa salona ya natsu da shekaru, ni kuwa sai in gyaɗa kai kamar mai hikima.

Ga roƙona. Akwai ɗan katakon nan da tsirkiyoyi suke hawa kansa a cikin bas, wanda muke kira jaki. In ya yi tsawo, tsirkiya ta yi nisa da itace, dannawa sai da ƙarfi. Ki sa Mekki ya sa wa Gwaggo gajeren jaki, ya sauke tsirkiyoyin iya yadda za su sauka. Amma kada ki gaya masa dalili. Na san za ki ce wauta ce. Batul, na iya zama da haushin Mekki, shekara ashirin ina zaune da shi. Tausayinsa ne ba zan iya ɗauka ba. In ya dube ni da idon tausayi a gaban Gwaggo, ba zan iya ɗaga hannu ba.

Ina son in kaɗa wa mahaifinki sau ɗaya tun ina da yatsun yi. Bayan nan ina da faifai guda da nake son gamawa kafin hannun ya tafi, na rubuta rabinsa. Iyakar abin da ya rage mini ke nan.

Ki gaida kowa. Allah ya kai mu azumi lafiya.

Yayanki,
Tayeb

*

Rabat, 11 ga Afrilu, 1989

Yaya Mekki,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa. Ina fata azumi yana zuwa da sauƙi, kuma Lalla Rahma tana sa maka ido a kan zaƙi.

Abu uku, a taƙaice, don ina da jarrabawar yara a gabana.

Na ɗaya, takardar talla laifina ce. Mai buga ta ya ce sunan da zai cika silima za a sa, ni kuma ban tsaya na yi tunani ba. Na sa a buga sabuwa da sunanka. Kai za ka buɗe taron, kai za ka yi magana a kan Baba, don ba wanda ya fi ka cancanta. Ka yafe mini.

Na biyu, Gwaggo taka ce, Baba ya ba ka ita a gabana, ba mai ƙwace ta. Amma taron na Baba ne, kuma muryarta nake son a ji. Ka ara wa Tayeb.

Na uku, kuma wannan ne mai muhimmanci: ka sa mata gajeren jaki, ka sauke tsirkiyoyin sosai, iya yadda za su sauka. Ni ban san kan waɗannan abubuwa ba, kai ka sani. Kada ka tambaye ni dalili, ba zan faɗa ba. Ban taɓa roƙonka komai ba tun rasuwar Baba, yau na roƙe ka wannan.

Zan iso Tanja ranar Alhamis bayan salla, shi kuma Juma'a, taro Asabar bayan la'asar.

Ƙanwarka,
Batul

*

Tanja, 9 ga Mayu, 1989

Ƙanwata Lalla Batul,

Salamu alaikum, barka da salla, Allah ya maimaita mana. Na ga sabuwar takardar. Sunana yana nan a ƙasa, sai da na sa tabarau, amma yana nan. Na gode.

Zai sami Gwaggo. Amma wasiƙarki ta ba ni dariya har Rahma ta leƙo daga kicin. A sauke tsirkiya! Wai kada in tambayi dalili. Ai ba sai na tambaya ba. Na daɗe ina jin abin a faifansa na baya-bayan nan: gudu, gudu, yatsu kamar ɓera a rufi, amma ba nauyi. Na'ura ce take yi masa amo. Turai ta mayar masa da hannu na mai sayar da turare, kantar yatsunsa ta goge, yanzu yana jin kunyar gaya mini da bakinsa, sai ya bi ta wurin mace. Yana so ya zo garinmu, ya hau kayan malaminmu, a shimfiɗa masa komai, ya yi gudunsa, a tafa, ya koma.

To ki ji abin da na yi. Jakin Ba Allal na asali yana nan a gwangwanin biskit, na cire shi tuntuni don kada ya lalace. Dogon nan, wanda ya sassaƙa da hannunsa zamanin da ba na'ura, lokacin da dole bas ta yi magana a kan ƙaho uku da ganga. Jiya na kwantar da Gwaggo a kan tabarma, na mayar mata da shi. Yanzu yatsa yana shigewa tsakanin tsirkiya da itace har da saura. Rahma tana riƙe mini wuyanta tana cewa, "Ba saukewa aka ce ka yi ba?" Na ce, "Taron tunawa da Ba Allal ne ko na tunawa da Tayeb?" Ta ce, "Mekki, ka ji tsoron Allah." Na ce ina ji.

Ba mugunta ba ce, Batul. In ya ga ta fi ƙarfinsa, kalma ɗaya ce: ya ce, "Mekki, sauke mini." Aikin rabin awa ne, gajeren yana aljihuna. Kalmar nan kawai nake so in ji daga bakinsa, sau ɗaya a rayuwata, a gaban mutane. Ya nemi wani abu a wurina da ya fi aron kaya.

Na san wataƙila ki taso kafin wannan ta iso ki. Ba komai, kya karanta in kin koma, mu yi dariya.

Yayanki,
Mekki

*

Rabat, 17 ga Mayu, 1989

Mekki,

Sallama kawai zan yi maka, don ita hakki ce. Na dawo jiya na tarar da wasiƙarka a ƙarƙashin ƙofa. Na karanta a tsaye, da mayafina a ka. Ban yi dariya ba.

Sai yanzu na gane abin da na gani da idona ranar Asabar da hantsi, wurin gwaji. Tayeb ya cire wa Gwaggo riga, ya ɗora hannu, ya tsaya. Ya sunkuya ya dubi jakin, ya ɗago ya dube ka. Kai kuma ka harɗe hannu, ka ɗaga murya yadda mai ganga da mai piyano za su ji, ka ce, "Yaya dai, Si Tayeb? Ta yi maka tauri ne? A sauke?" Ya ce, "Bar ta. Haka Ba Allal ya bar ta." Ni wawuya ina gefe ina murna, na ɗauka kun shirya.

Tunda ka fice kafin a tashi, bari in gaya maka abin da ka bari a baya. Ka dai ga farkon: ya soke duk kiɗan gudun da aka shirya, ya ce wa sauran su bi shi a hankali. Ka ga kofin shayin Baba da na ajiye a kan piyano da cokalinsa, don tunawa kawai. Ka ji lokacin da aka bar masa fili shi kaɗai, ya ja sautin nan guda, ya bar shi ya mutu, ya sake ja. Mutanen Tanja, waɗanda ko a jana'iza sai sun yi hira, suka yi tsit har ana jin mai sayar da gyaɗa a waje. A ja na huɗu cokalin ya yi ƙara. Na waiwaya in ga fuskarka, sai na ga bayanka a bakin ƙofa.

Ya ƙara kusan awa guda bayan fitarka. Da aka rufe labule na zaga baya, na same shi zaune a kan akwati, hannunsa na hagu a cikin bokitin masu shara. Yatsu biyu sun lanƙwashe cikin tafin, ya sa ɗaya hannun yana buɗe su suna komawa. Ya ce mini, "Kin ji cokalin?" Abin da ya fara faɗa ke nan.

Na yi masa alkawarin ba zan faɗa ba, yau na karya, Allah ya yafe mini. Hannun nan shekara biyu yana ciwo. Likita ya ce masa in ya matsa wa jijiyar za ta tsinke. Shekara ɗaya ko biyu suka rage masa, da faifai guda da yake son gamawa. Dalilin da na ce kada ka tambaya ke nan. Ni ma ina da nawa laifin, da na san da wanda nake magana, da na faɗa maka tun farko.

Abu ɗaya kuma. Wai ka cire jakin Baba don kada ya lalace. Lalla Rahma ta gaya mini a kicin cewa shekara tara ke nan kana kaɗa gajere, kuma ranar da ka mayar da dogon ka gwada minti goma, ka tafi ka tsoma yatsu a ruwan sanyi. Ka haƙa wa mutum ramin da kai ma ba za ka iya tsallakewa ba.

Kada ka rubuto mini yanzu.

Batul

*

Kopenhagen, 3 ga Yuli, 1989

Ɗan'uwana Mekki,

Assalamu alaikum. Ina gaida Lalla Rahma, ka ce mata har yanzu ina tuna miyar waken da ta aiko mini otal. Batul ta ce ta fasa ƙwai, don haka ba sauran ɓoye-ɓoye. An yi aikin hannun wata guda da ya wuce. Zan iya riƙe kofi, zan iya ɗaura maɓalli in na yi haƙuri. Bas kuwa an gama. Na ce gara in gaya maka da bakina kafin ka ji a wani wuri.

Na ga wasiƙunka biyu. Ban buɗe ba, don na san abin da ke ciki, kuma ba na so. Ka ji dalili.

Ina taɓa tsirkiyar na san abin da ka yi, na kuma san gajeren jakin yana aljihunka, don hannunka bai bar wurin ba. Kalma ɗaya ce, na sani. Na buɗe baki in faɗe ta, sai na ga fuskarka, na ce wallahi sai dai hannun ya tafi. Kai ka ɗora jakin, amma ni na ƙi a sauke. Mu biyu muka yi aikin nan, kada ka kwashe ladan kai kaɗai.

Kana ganin kai ne mai kishi? Ranar da zan shiga jirgin ruwa, Ba Allal ya raka ni tasha. Na ɗauka zai ce in na dawo Gwaggo tawa ce. Sai ya ce, "Tayeb, kai kana da yatsu, za su kai ka nesa. Mekki yana da sauti. Ita kuwa mai sauti take so." Maganar nan na ɗauka na yi yawon duniya da ita. Duk gudun da kake ji a faifaina, gudun maganar nan ne. Na cika wuri da yatsu don kada a lura ba ni da abin da kake da shi tun kana ɗan shekara goma sha tara. Da ɗan jarida ya tambaye ni malamina, na ce wani tsoho, don in na faɗi sunansa sai an tambaye ni wa ya gaji kayansa. Sau biyu na zo Tanja a ɓoye, na zauna a otal ɗinka a bayan ginshiƙi, na ji ka kana kaɗa wa masu cin kifi. Na fita ina jin haushinka kamar in mutu.

Ranar Asabar ɗin nan, da yatsu biyu kawai da tsirkiya mai tauri, ba inda zan gudu. Dole na tsaya a kan sauti ɗaya in ba shi duk abin da nake da shi. Sai cokalin ya amsa. Shekara talatin, Mekki. Ba zan ce maka na gode ba, ƙarya ce, ina son hannuna. Da safe in na farka nakan manta, sai na miƙa shi. Amma ba zan ce da ban ji ƙarar nan ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. A cikin ambulan ɗin nan akwai shafi goma sha biyu, rabin faifan da ban gama ba. Na yayyage na da, na sake rubutawa da hannun dama bayan na dawo. Sauti kaɗan ne, duk masu nauyi, kuma a kan Gwaggo na ji su, da dogon jaki. A nan akwai masu bas ɗari da za su so su kaɗa shi, duk yatsu ne irina. Mutum ɗaya na sani da zai iya. Masu ɗaukar sauti za su zo Tanja a watan Oktoba in ka yarda. Sunanka a gaba, babba, ba sai an sa tabarau ba.

Ka so ka ji na roƙe ka wani abu da ya fi aron kaya. To ga shi. Ka ara mini hannunka.

Ɗan'uwanka,
Tayeb

*

Tanja, 2 ga Agusta, 1989

Tayeb,

Wa alaikumus salam. Takardun sun iso.

Na so in sami kuskure, na kwana uku ina nema. Akwai ɗaya a shafi na bakwai, layi na uku, ka gyara. Sauran yana da kyau, ya yi kyau har ya ba ni haushi. Da hannu ɗaya ma ka fi ni, Allah ya isa.

Ban sauke jakin ba. Gajeren na ba Rahma, ta jefa a murhu a gabana. Yatsuna uku sun fashe, mai otal yana tambaya ko faɗa na yi. Batul ta aiko da kofin ba tare da wasiƙa ba. Yana kan taga, kullum bayan sallar asuba ina ja. Yau kwana ashirin da uku, cokalin bai ce komai ba. Kai a ja na huɗu ya amsa maka, ina bakin ƙofa na ji.

Ka ce wa mutanenka su zo a Oktoba. Kai ma ka zo, ka zauna a gaba inda zan gan ka. Ka buɗe wasiƙun nan biyu ko kada ka buɗe, abin da ke ciki yana nan.

Ka aiko sauran rabin.

Mekki